Zanin Zumuntar da Ba Tawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin bikin Auta a Dubai ba, ko da tsufa ya share mini sauran abin da ke kaina. Har yau in ina tsintar wake ni kaɗai abin ya faɗo mini, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in ajiye faifan in rufe fuska da gefen zani, alhali babu mai kallona a tsakar gidan sai kaji.

Auta dai sunanta Rifkatu, ita ce ta ƙarshe a ɗakina. Da ita a goye na shiga ajin yaƙi da jahilci na cocinmu, a ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi. Ina zaune a bencin yara gwiwoyina na dukan tebur, ina ja da alli a kan allo, ita tana jan ɗankwalina ta baya. Shi ya sa nakan ce tare muka fara makaranta. Ni na tsaya inda na iya karanta Littafi Mai Tsarki da rubuta abin da ke raina, ita kuwa ta yi ta tafiya, har Allah ya ba ta gurbin karatu kyauta a wata jami'a can kudancin ƙasar Amurka. Ta ce mini tsohuwar makaranta ce, an gina ta domin baƙaƙen fata tun zamanin da ake hana su zama aji ɗaya da Turawa. Da na ji haka hankalina ya kwanta. Na ce to, aƙalla in ta waiwaya za ta ga fuska irin tata.

Takan aiko da hotuna. Nan ne fa ciwon ya fara. Gine-gine na jan bulo, ciyawa shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga, itatuwa masu ganye launin wuta. In na dawo daga gona da rana, na yi wanka, sai in zauna gindin darbejiya in baje su a cinya. Ba ƙarya zan yi muku ba, nakan ga kaina a ciki. Ga ni da littattafai rungume a ƙirji, ina takawa a kan ciyawar nan, ƙafata ba kaushi, ana kirana daga wata taga. (Mace mai jikoki ke nan fa, amma mafarkin ido biyu bai san shekaru ba.)

A shekararta ta biyu hotunan suka canza. Sai na riƙa ganinta cikin wasu 'yan mata, duk da kaya iri ɗaya, ruwan goro da ruwan toka, sun jeru daga gajeriya zuwa doguwa, kowacce ta lanƙwasa yatsu iri guda. A ƙirjin rigar sanyinsu akwai haruffa uku da malaminmu bai koya mana ba: ɗaya kamar jinkar ɗaki, ɗaya kamar bakin ƙofa, ɗaya kamar cokali mai yatsu. Na tambaye ta a waya su wane ne.

"'Yan uwana ne, Mama."

Na ce, "Waɗanne 'yan uwa ne ni da na haife ki ban san su ba?"

Ta yi dariya ta ce ƙungiya ce ta 'yan mata a makarantar, maza ma suna da irin tasu, suna taimakon marasa ƙarfi, suna koyar da yara, kuma wadda ta shiga ta shiga ke nan har mutuwa. Kafin ta ƙarasa katin wayar ya ƙare. Ni kuma na ɗauki hoton na kai wa Fasto. Ya gyara tabarau ya ce, "Waɗannan ai haruffan Helenanci ne, yaren da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi." Iyakar abin da bawan Allah ya faɗa ke nan, kada in ɗora masa laifi. Sauran ginin ni na yi shi da hannuna. Mata ne, suna da zane iri ɗaya, suna waƙa, suna taimakon mabukata, ga haruffan Littafi a ƙirji. Na ce ashe zumuntar mata ce ta 'yan boko. Ni kuwa na fi shekara ashirin a zumuntar mata, har ma'ajiyar kayan kiɗa na taɓa riƙewa.

A wurinmu kuwa kowa ya san yadda abin yake. In baƙuwa ta zo taro daga wata ikilisiya, ba a barinta tsaye a gefe kamar marainiya. A ara mata zane, a ja hannunta cikin da'ira. In kuma 'yar ɗaya daga cikinmu ake aurarwa, mukan kewaye amarya da waƙa, uwar ta shiga tsakiya ta tsaya kusa da 'yarta. Wurin uwa ke nan, ba a tambaya.

Ranar da Auta ta gama karatu ban je ba, an hana ni biza. Na kwana biyu ban ci tuwon kirki ba. Daga can ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dubai, a nan ta haɗu da Ishaya, ɗan Jos, mai gyaran na'urori a filin jirgin sama. Da aka sa ranar aure a farkon shekarar dubu biyu da sha biyu, ta ce mini, "Mama, wannan karon za ki zo. Kuma 'yan uwana za su zo, wasu daga Amurka, wasu ma suna nan kusa suna koyarwa a Abu Dhabi." Mahaifinta ya riga ya rasu tun tana makaranta, don haka ni kaɗai na hau jirgi da ƙullin daddawa da kuka. Abu ɗaya ne a raina duk tsawon tafiyar: kada yarinyar nan ta ji kunyata a gaban mutanenta. Ina so su dube ni su ce, lalle wannan ce ta haife ta, tamu ce.

An sauke ni a unguwar Hor Al Anz, a fulat ɗin Maman Dauda, wata 'yar Kafanchan da ke shugabantar masu shara a wata makaranta, ta daɗe a garin. Mace ce mai faɗin jiki da faɗin zuciya, maganarta rabi Hausa rabi Larabcin kasuwa. Ita na fara nuna wa hoton, na faɗa mata abin da nake tunani.

Ta tafa hannu ta ce, "Yaya, ai kin gama magana. Uwar amarya ba anko? Khalas, shi ke nan, gobe mu shiga kasuwa."

Na ce, "Ko in tambayi Auta tukuna?"

"Ki tambaye ta me? Yarinya na fama da masu abinci da masu ado. Ki bari ta gani da idonta, daɗin ya fi."

(Ba na cewa ita ta ingiza ni. Wanda ba ya son rawa, ko an buga ganga ba ya tashi.)

Washegari muka hau wani jirgin ƙasa na cikin gari da ba shi da direba, muka sauka tashar Al Ras. Ƙamshin kanumfari da turaren wuta ya bi mu har bakin ruwa. Muka shiga abra, wato ƙaramin kwalekwalen katako da ke tsallakar da mutane. Ni da ban taɓa hawa ruwa ba, na zaci zan ji tsoro, sai na ji kamar ana lallashina a goye. Fararen tsuntsaye na shawagi, manyan jiragen katako cike da katan-katan suna jingine da juna kamar shanu a inuwa, iska mai sanyi-sanyi tana ɗaga mini mayafi. Na lumshe ido. A raina har na ga 'yan matan nan sun buɗe mini hanya, Auta na nuna ni tana cewa wani abu da Turanci, su kuma suna kaɗa kai.

A ƙetare muka sami yadin, ruwan goro sak, da ruwan toka na ɗankwali. Muka sake tsallako ruwa muka dawo unguwar Deira wurin wani tela Bafakistane a wani lungu, shagonsa bai fi ɗakin girkina ba. Na miƙa masa hotuna biyu, na gaban rigar Auta da na bayanta. A bayan akwai lamba bakwai ƙatuwa da wani suna da ba nata ba. Maman Dauda ta yi masa bayani da hannu da baki, ta ce duk abin da ya gani ya ɗora, kada ya rage ko ɗigo. Mutumin ya iya aikinsa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Haruffan nan uku suka fito a ƙirjin rigata ɓaro-ɓaro da zare mai sheƙi, bakwai ɗin kuma ta cika mini gadon baya.

Auta ta tambaye ni ana jibi biki, "Mama, me za ki sa?" Na ce leshin da yayyenta suka saya mini. Ban yi ƙarya ba, shi na sa zuwa coci. Sai dai ban gaya mata abin da ke ninke a ƙasan jakata ba, tare da ɗan cakina da nake kaɗawa a waƙar zumunta, wanda ban taɓa zuwa biki ba shi ba.

An yi liyafar a wani otal a Deira, a bene na sama, bango guda duk gilashi ne yana kallon ruwa. Nan na ga 'yan uwan Auta ido da ido. Kai, Allah ya yi halitta. Wata baƙa wuluk kamar 'yar ƙanwata, wata wankan tarwaɗa, wata da kitso har kugu, wata kanta a aske tas kuma ya yi mata kyau. Suka yi ta rungume ni suna cewa "Mama, Mama," kalma ɗaya tilo da muka yi tarayya a kanta. Babbarsu wata dattijuwa ce mai furfura, Madam Gloria, shugabar wata makaranta a Abu Dhabi. Auta ta ce tun kafin a haife ta matar ta shiga ƙungiyar. Ta riƙe hannuwana biyu ta daɗe tana kallona tana murmushi. Na ce a raina, ga shugabar zumunta ta gane 'yar uwarta.

Da aka ci abinci na zame zuwa banɗaki, na canza kaya, na lulluɓe da babban mayafi na dawo na zauna kamar ban san komai ba. Aka sa wani kiɗa, sai 'yan matan suka tashi suka yi layi, ɗaya bayan ɗaya, suna zagaya ɗakin da taku iri guda, su karkata kafaɗa tare, su juya tare, kamar jiki ɗaya mai ƙafafu da yawa. Lokaci-lokaci ɗaya ta saki wata siririyar murya, sauran su amsa. Na lura ko masu raba lemo tsayawa suke sai layin ya wuce, babu mai ratsawa. Na lura fa. Amma na fassara shi da ladabin ma'aikatan otal.

Maman Dauda ta zungure ni. "Yalla, maza, Yaya, ga layinku ya tashi."

Na ce, "A'a, wannan na yara ne. Ina jiran na uwa."

Can mai gabatarwa ya yi wata doguwar magana da Turanci. (Daga baya na ji abin da ya ce: 'yan ƙungiya kaɗai ake roƙo su fito, sauran jama'a a zauna a yi shiru.) Aka kashe kiɗa. Aka kawo Auta tsakiyar fili da farar rigarta. Matan suka kewaye ta, kowacce ta gitta hannuwanta a gaba ta kama na maƙwabciyarta, da'irar ta rufe ruf. Sai suka fara waƙa, a hankali, ba ganga ba tafi.

Ban san me suke cewa ba, amma ban taɓa jin abu mai taushi haka ba. Rana ta sunkuya a bayan gilashin, ruwan ya koma launin zuma, kwalekwale na ratsa shi kamar ba su taɓa shi. Muryoyin suka hau kan juna, wata a sama wata a ƙasa, suna lilo hagu da dama. Ɗakin ya ɓace mini. Sai ga ciyawar nan, ga jan bulo, ga ganye na zubowa, ga 'yata a tsaye cikin fari tana hawaye, ni kuma ina daga nesa kamar kullum, ina kallo ta cikin hoto. Na ji wani abu ya ce mini, yau kam ba biza tsakaninku. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Mayafin ya zame a kan kujera.

Na taka a hankali har bakin da'irar. Na sami wasu hannuwa biyu a sarƙe, na ɗan bubbuga su, ba su saki ba. Na ce yaran nan sun yi nisa cikin waƙa. Sai na sa hannu na raba su da kaina, cikin lallami, kamar yadda ake raba yara masu barci, na sunkuya na shige. Na je na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Auta, na juya wa rabin da'irar ƙirjina, rabi kuma bakwai ɗina. Na rufe ido, na fito da caki, na fara ba su lokaci, wato bugun da za su bi, don a ganina waƙar tana da kyau amma ba ta da abin riƙe ta. Da daɗin ya kai mini ko'ina, na ɗaga kai na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye.

Muryoyin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana hure fitilu. Ni ban ankara ba. Na zaci sun ba ni fili ne, yadda ake ba uwa. Don haka na ɗauko waƙarmu ta rakiyar amarya, na rera baiti guda cur, ni kaɗai, ido rufe, ina kaɗa caki ina jiran amshi.

Amshin bai zo ba. Na buɗe ido.

Babu wadda take kallon fuskata. Duk ƙirjina suke kallo. Wata yarinya ta rufe baki da hannu. Wata doguwa ta saki hannun ta kusa da ita, ta faɗi wata magana gajeriya mai kaifi, wadda ko ba ka jin yaren ka san ba sannu ba ce. A teburin abokan ango wani ya ƙware da lemo. Ishaya, wanda bai fi sa'o'i kaɗan da zama surukina ba, ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Na juya wurin Auta. Hawayen na nan a kumatunta, amma fuskar ta canza, ta zama irin wadda take yi tana ƙarama in ta fasa tulu a gaban baƙi.

Ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Mama. Me kika sa?"

Na ce, "Ankonku ne."

Ta kawar da kai. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Madam Gloria ce ta fito daga layi. Ta ɗaga wa doguwar nan yatsa ɗaya, ita kuwa ta yi tsit. Dattijuwar ta cire gyalen kafaɗarta ta yafa mini, ta ja shi ta rufe gaba da baya, kamar wadda ta tsinci mutum ba sutura. Ta riƙe ni a gwiwar hannu ta fito da ni, da'irar ta buɗe mana, wannan karon da kanta. Cakin ya yi ta ƙara a hannuna da kowane taku, na rasa yadda zan sa shi shiru. A bayana na ji sun sake ɗauko waƙar daga farko.

Ban koma kujerata ba. Na wuce banɗaki, na shiga ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan na kulle, na zauna a kan murfin masai. Maman Dauda ta biyo ni tana ƙwanƙwasawa. "Yaya, fito mana, shwaiya shwaiya, bi a sannu, ai ba kisan kai kika yi ba." Na ce ta bar ni. Ina zaune ina lissafin yadda zan isa filin jirgi ba tare da na sake ratsa ɗakin nan ba. Abin da ke cina ba dariyar mutane ba ce. Na zo ne don kada 'yata ta ji kunya, ga shi na ɗauko kunyar tun daga Malumfashi na kai mata har tsakiyar fili.

Bayan wani lokaci na ji shasshawar doguwar riga a kan tayil.

"Mama, buɗe."

"Je ki wurin baƙinki, Auta."

"Rigar nan ba ta barina in durƙusa in leƙo ki. Buɗe."

Na buɗe. Ta tsaya ta jingina da wurin wanke hannu, ta ɗaga gefen gyalen ta sake duban aikin telan, ta juya ni ta ga baya. Ta ja dogon numfashi.

"Har da lambata."

"Na zaci ado ne."

"Mama, ni kaina sai da na yi watanni ana koya mini tarihinsu, ana gwada haƙurina, kafin a yarda in sa haruffan nan. Mu da muka shiga tare aka jera mu, ni ce ta bakwai. Sunan nan su suka raɗa mini. Ko mijina ba zai sa rigar ba. Da'irar nan kuma ba a ratsa ta, ko uwar wa."

Na ce, "Ai na ga haruffan Littafi ne, na ce zumunta ce."

Ta rufe ido. Na ga leɓenta na rawa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Sai ta ce, "Kin tuna ranar da kuka kira ni kuka ce Baba ya tafi? Ba kuɗin jirgi, ga jarrabawa. Na kwanta a ƙasan ɗaki na kasa tashi. Waɗannan ne suka zo. Suka kewaye ni haka, suka yi mini waƙar nan. Sati guda ba su bar ni na kwana ni kaɗai ba. Doguwar nan da ta yi miki magana, ita ta riƙa ba ni abinci a baki."

Duk shekarun nan ina kallon hotunan, ciyawa nake gani da jan bulo. Ban taɓa tambayar kaina wa ya riƙe mini yarinya ranar da hannuna bai kai ba. Ashe akwai ɗaki a rayuwarta da ba ni na gina ba, kuma da ba a gina shi ba, da ban same ta a tsaye ba.

Na ce, "Ki yafe mini. Na ɓata miki a gabansu."

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki da kin hana ni."

"Da na hana ki mana." Sai dariyar ta ƙwace mata, ta dafa cikinta. "Caki, Mama. Kika ba su lokaci da caki."

"Waƙar tana jan ƙafa ne."

Ta yi dariya har kwalliyar idonta ta zubo, ni ma na bi ta, ina yi ina share mata da gefen gyalen mutane. Ta aiki Maman Dauda ta ɗauko jakata, sannan ta taya ni na cire rigar na mayar da leshina. Ta ninke ankon da kanta, haruffan a ciki, ta tura ƙasan jaka. Sannan ta riƙe hannuna muka fito tare, ta ratsa da ni tsakiyar ɗakin a hankali, ba ta saki ba sai da ta zaunar da ni. Na je na mayar wa Madam Gloria gyalenta da hannu biyu, na rusuna, na sa Auta ta ba su haƙuri a madadina, har da doguwar. Ita doguwar sai ta sunkuyo ta rungume ni, ƙashinta duk tsini.

Madam Gloria ta yi wata magana, Auta ta juya mini. "Ta ce waƙar da kika fara ba ki ƙarasa ba. Sun gama tasu, fili naki ne."

Na ce a'a, wadda na yi ta isa haka. Amma Maman Dauda ta riga ta ji. Kafin in rufe baki ta tattaro matanmu da ke wurin, masu aikin asibiti da na otal da na shaguna, 'yan Zonkwa, 'yan Jos, 'yan Gombe. Muka kewaye Auta, na tsaya a gefenta, na ɗauko baitin nan, wannan karon amshi ya zo har gilashin na amsawa.

Muna cikin yi na hango matan Amurka. Sun taso, sun matso, amma sun tsaya a waje, hannuwansu a gaba, ba wadda ta ƙetare. Na yafito su. Ba su motsa ba. Madam Gloria, da furfurarta da digirorinta, ta matso kusa da Auta ta yi mata raɗa. Auta ta dube ni, idonta na ƙyalli.

"Tana tambaya, Mama. Wai an yarda su shigo?"

Wallahi wannan tambayar ta fi duk abin da ya faru a baya ba ni kunya. Da'irarmu da ba ta da ƙofa ma, sai da matar nan ta yi sallama. Na ce a gaya mata an yarda, kuma a ba doguwar caki.

Tun daga ranar, in na ga mutane sun kama hannun juna, ko a wurin biki ko a wurin makoki, nakan mayar da nawa baya in tsaya daga gefe, komai daɗin waƙar, sai na sami wanda zan ce wa, "Don Allah, wannan ta kowa ce ko ta masu ita?" Tambayar ba ta da nauyi, ko jaka ba ta bukata. Ni dai sai da na ƙetare teku, na kai shekara sittin, kafin na koyi ɗaukarta.